Amalanken Sa Ɗaya

Na ga kuna ta satar kallon damin karan nan da ke jingine a kusurwa, kuna zungurar juna. Ku yi dariyarku a fili, ba ku kuka fara ba. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa wai walda ba wani abu ba ce, ka sa baƙin gilashi, ka dangwala sanda a ƙarfe, wuta ta yi tartsatsi, shi ke nan ka zama gwani. To, sannu gwani. Ni Sabi'u na haura shekara talatin ina wannan aiki a nan Daura, bakin hanyar Zango, kuma ina gaya muku dangwala wuta shi ne mafi sauƙin abin da ke cikinsa. Mai wuyar ana gama shi tun ba a tayar da janareto ba. Ku jawo bencin nan ku zauna, yau babu wanda zai taɓa ƙarfe sai ya ji amfanin karan.

Motar farko da na ƙera ba ta da ƙarfe ko ɗaya. A ƙauyenmu ne, can wajen Dutsi, ina ɗan shekara takwas ko tara. Da an gama girbin dawa sai mu bazama gona mu zaɓo kara mai kauri, mu feƙe ɓawon da haƙori, mu yanka totuwar gunduwa-gunduwa. Ɓawon shi ne ƙusa, totuwar ita ce katako. Taya kuwa ko dai sakaina ka goge ta a dutse har ta zagaye, ko ka samu tsohon silifas ka yanka. Kuma ba don ado muke yi ba, gasa ce. Kowa zai loda wa tasa tsakuwa cike, ya ɗaura zare, a ja daga ƙofar gidan mai unguwa, a gangara kwari, a haura har gindin kuka. Wanda motarsa ta kife ko kayansa suka zube, tayoyinsa sun zama na wanda ya riga kowa isa. Kada ku ga kamar wasa ne rasa taya. Sai ka yi sati kana bin iyaye mata kana jiran wata ta fasa ƙwarya.

Akwai wani abokina Haruna, shi ya cinye mini tayoyi kaka guda cur. Abin haushin, motarsa mummuna ce, gajeriya, kamar kwaɗo. Ni kuwa nakan yi tawa doguwa, da ƙofa mai buɗewa, har da madubi na takardar sigari. Kowa ya gani sai ya yaba, ana shiga kwari kuma sai ta yi adungure. Da na gaji da kuka sai na daina ƙira na koma kallonsa. Ashe shi kafin ya taɓa kara sai ya bi hanyar da ƙafa tukuna, ya duba inda rairayi ya yi zurfi da inda ruwa ya zaizaye. Yakan haɗa silifas biyu ya yi taya ɗaya mai faɗi don kada ta nutse, tsakuwarsa kuma a kan tayoyin daidai yake tara ta. Na koma na yi tawa mummuna fiye da tasa. Ranar na kwashe tayoyin yara huɗu, har da nasa.

Ɗayan wasan namu dara ce. Mu haƙa ramuka a ƙasa, wani ya ɗauki tsakuwa wani ya ɗauki tsinke, a yi ta zubawa ɗaya bayan ɗaya sai kowa ya gama, sannan a fara turawa. Ka jera uku ka ci ɗan abokin wasanka guda. Yaro sabon shiga idonsa na kan 'ya'yansa kawai. Wanda ya iya kuwa naka yake kallo, yana neman ramin da ba za ka iya shiga ba. Wani lokaci ma da gangan zai bar maka ɗa guda ka ci, kana murna, ashe hanya ka buɗe masa. An yi mini haka ya fi a ƙirga kafin na gane, ni ma na fara yi wa wasu.

Da na kai sha biyar babana ya kawo ni garin nan wurin Malam Iro mai walda, Allah ya jiƙansa. Shekara bakwai na yi a hannunsa. Biyun farko ban riƙe sandar walda ba ko sau ɗaya. Ni ne kankare tsatsa, ni ne zarto, ni ne riƙe ƙarfe yana ɗinkewa har zafin ya ratso tsumma ya iso tafin hannuna. Ya koya mini tef ɗin awo da sukwayar daidaita kusurwa kafin guduma, ya koya mini jin ƙarar wuta, in ta yi yawa tana huda ƙarfe, in ta yi kaɗan sandar tana liƙewa. Idona ya sha ruwan hawaye saboda taurin kai na ƙin sa gilashi, irin wanda nake gani wurin wasunku yanzu.

Wani ƙyauren gida aka taɓa kawo mana aikinsa, na wani mahauci da ƙofarsa ke kan gangare. Malam Iro ya auna faɗi da tsawo ya ce a yanka. Ni kuwa da muka je awon na lura ƙasar ta ɗaga ta ciki. Da azahar ina hutu sai na samu kara na haɗa ɗan ƙyaure, na tara ƙasa na yi gangaren, na buɗe shi, sai ga gindinsa yana kartar ƙasa tun bai kai rabi ba. Malam ya same ni a tsugune ya ce nan ba dandali ba ne, in wasa na zo yi in koma ƙauye. Na dai sake buɗe ɗan ƙyauren a gabansa. Ya tsaya ya kalla, ya sa yatsa ya buɗe da kansa sau biyu. Bai ce na yi daidai ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi a raba ƙyauren biyu, a ɗaga shi kamu guda.

Bayan ya sallame ni na buɗe nan wurin, amalanken shanu ya zama babban aikina. Manoman Zango da Baure da Dutsi duk sun san ƙofar nan. Amalanke na asali kun san shi: faffaɗan bodi, aksul na tsohuwar mota mai riƙe tayoyi, dogon ƙarfe ɗaya a tsakiya, karkiya a gaba, shanu biyu suna ja. Na yi shekaru ina yin sa har ina iya yanka shi ba tef. Na samu rufin asiri, na yi aure, na sayi janareto nawa na kaina, babba, wanda ke ɗaukar injin walda da na gurza lokaci guda.

Sai wata shekara ta zo da ruwan sama ya ɗauke gero yana tsakar fitar da kai. Ba sai na faɗa muku abin da aka girbe ba. Kafin sanyi ya wuce manoma sun fara kai shanun huɗa kasuwa. Mai biyu ya sayar da ɗaya ya sayi hatsi, ya riƙe ɗayan yana addu'a. To wa zai sayi amalanken shanu biyu da sa ɗaya? Ƙarfe kuma ya yi tashin da ban taɓa gani ba. Wata uku ina buɗe shago ina share ƙofa ina rufewa. Ɗan gyaran kujera, ɗan liƙin ƙafar murhu, shi ke nan. Abin da ya rage mini a rumfa ƙarfen amalanke ɗaya ne tak, da aksul guda. Na riga na yi magana da wani mai nika cewa in damina ta faɗi ban samu aiki ba ya zo ya ɗauki janareton. Mai walda kuwa in ya sayar da janareto ya rufe ke nan, sauran magana ce kawai. Tsoro na ji sosai, ba zan ɓoye muku ba.

Ana cikin haka wata safiya wani dattijo ya zo a kan keke, Malam Ado, daga wani ƙauye bayan Baure. Ni na yi masa amalankensa shekarun baya. Muka gaisa, ya ce bazara ta matso, takinsa na nan jibge a bayan gida, gona da nisa, sa ɗaya ya rage masa, Ɗan Fari. Ya gwada ɗaura shi shi kaɗai, karkiyar ta karkace ta goge masa wuya har ya yi ciwo. Ya tambaya ko akwai dabara. Na ce ya kawo amalanken in yanka in mayar da shi na sa ɗaya. Nan take fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Malam Sabi'u, in ka yanka bai yi ba fa? Na rasa sa, in kuma rasa amalanke?"

Ban ga laifinsa ba. Ni kaina ban taɓa yin irinsa ba. Na ce ya ba ni kwana uku ya dawo.

Yana fita na tafi bayan gari na sayo damin kara wurin masu danni. Maƙwabtana masu faci da masu gyaran babur suka ga ƙato da gemunsa zaune a ƙasa yana feƙe kara da haƙori. Wani ya ce rashin aiki ya taɓa Sabi'u, wani ya ce a nemo mini zare in ja. Na bar su. Guda uku na yi, kowanne da hannuwa biyu maimakon dogon ƙarfe ɗaya, yadda san zai shiga tsakani. Na ɗinka 'yan buhuna da tsumma na cika da ƙasa. Na tara rairayi a nan inda kuke zaune, na yi gangare na yi hawa. Yatsana shi ne sa. Na farkon na sa aksul can baya, ina lodawa sai na ji nauyin duk ya sauka kan yatsan, wato wuyan dabba ke nan. Na biyun na matso da shi gaba, sai hannuwan suka ɗaga sama, da sa ne da igiya ta shaƙe shi. Na ukun na yi ta matsar da aksul ɗin kaɗan-kaɗan har na samu inda kayan ke zaune kan taya, yatsana yana jin nauyi ɗan kaɗan kawai. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya tafi lafiya. Ina hawa tudu sai buhunan suka zame baya, gaban ya ɗaga. Na kwance, na sunkuyar da bodin gaba kaɗan, na gitta kara ɗaya a tsakiya ya tare kaya. Sau nawa na wargaza na sake? Ban ƙirga ba. Da ƙarfe ne, kuskuren farko ya gama da ni.

Ran na uku Malam Ado ya dawo. Ban yi masa dogon bayani ba, na miƙa masa na ce ya ja da yatsansa. Ku riƙe wannan, domin za ku yi hulɗa da manoma: ka zana wa mutum abu a takarda zai ce to, to, don kunya, alhali bai ga komai ba. Amma ka sa masa abu a hannu, nan take bakinsa zai buɗe. Ya ja, ya juya, ya leƙa ƙasa, sai ya ce wannan faɗin ba zai shiga lungunsu ba, tsohon ma a bakin hanya yake barinsa su yi ta jido da kwando. Ya kuma ce Ɗan Fari yana da babban tozo, karkiya madaidaiciya ba za ta zauna masa ba. Na ciro kara biyu na rage faɗin a gabansa, na lanƙwasa ɓawo na nuna masa yadda karkiyar za ta bi wuyan. Ya yi murmushi, amma duk da haka ya ce shi dai kara kara ne, ba zai kawo nasa a yanka ba sai ya ga na ƙarfe yana tafiya.

Nan fa lissafi ya koma irin na dara. A cikin gari akwai wani Alhaji mai babban garejin walda, ma'aikata sun fi goma, sabon ƙarfe jibge, sababbin amalanken shanu biyu jere an shafe su da fenti babu mai saye. Na san in na ƙera sabon abu na kafa a bakin titi, cikin sati zai turo a leƙa, ya yi irinsa, ya fi ni araha. Walda ba ta da sirri, duk abin da ido ya gani hannu zai yi. Sai na tambayi kaina, wane rami ne ba zai iya shiga ba? Shi dole sabon ƙarfensa yake so ya sayar, manoma kuwa ba su da abin sayen sabo. Abin da suke da shi tsohon amalanke ne a kowane gida, kaji na kwana a ƙarƙashi. In mutum ya kawo nasa na mayar da shi ƙarami, dogon ƙarfen tsakiya da abin da na rage a faɗi su zama ladana, ya ƙara mini da abin da ya sawwaƙa, to bai fitar da wani kuɗin kirki ba, ni kuma ragowar ƙarfen tsofaffi uku za ta ba ni sabon amalanke guda. Matsalar ɗaya ce, babu wanda zai yarda a yanka nasa sai ya gani da ido. Dole in bayar da ɗa guda a ci.

Na ɗauki ƙarfen nan nawa na ƙarshe na yanka. Kafin nan sai da na hau babur na je har ƙauyen na auna Ɗan Fari, tsayinsa, faɗin cikinsa, da inda tozon ya tsaya. Na kuma bi hanyarsu zuwa kasuwa da ƙafa, na ga mashigin ƙoramar da kowa ke kuka da shi, rairayi har idon sawu, ga hawa a ɗaya gefen. Na dawo na nemi tayoyi masu faɗi, na ce wa mai faci kada ya cika musu iska. Kwana huɗu na yi ina aikin, kowane yanka sai na kalli na karan tukuna. Da na gama na kai wa Malam Ado, na ce aro na ba shi, ya kwashe takinsa. Sharaɗina ɗaya, ranar kasuwa ya yi lodi sosai ya bi ta mashigin nan da hantsi, lokacin da mutane suka fi taruwa.

Ranar na riga shi zuwa. Na tsaya gefe kamar mai jiran mota. Mashigin ya cika, masu babura suna sauka suna turawa, masu jakuna suna ta duka, wata motar haya ta kafe fasinjoji sun fito suna tura ta. Sai ga Malam Ado ya ɓullo, ya ɗauko wa wani ɗan kasuwa buhunan gyaɗa, Ɗan Fari shi kaɗai tsakanin hannuwa biyu. Mutane suka fara magana. Wani ya ce wannan tsoho zai kashe dabbarsa. Wani ya ce a matsa, yanzu za a kwashe gyaɗa a ƙasa. Ni dai idona na kan wuyan san.

Ya gangaro. Tayoyin suka hau rairayin suka baje, ba su nutse ba. Ɗan Fari ya sunkuyar da kai ya ci gaba da takunsa, ko sanda Malam Ado bai ɗaga ba. Suka wuce motar da ta kafe, direban ya saki baki yana kallo. Da suka iso hawan, na ƙara zuba ido, domin nan ne na karan ya sha ba ni kunya. Buhunan suka motsa, suka jingina da ƙarfen da na gitta a tsakiya, suka tsaya. Gaban bai ɗaga ba. San ya ja, ya ja, sai ga shi a saman tudu yana kaɗa jela. Wallahi ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Kafin Malam Ado ya kai inuwa an kewaye shi. Wannan yana taɓa karkiya, wancan ya tsuguna yana leƙen aksul, wani yana shafa wuyan san ya ga ko ya goge. Shi kuma tsohon sai ya hau baje baki kamar shi ya ƙera, yana nuna ni da sanda. Wani mai jar hula ya riƙe mini hannun riga ya tambayi kuɗin irinsa. Na ce ba na sayarwa ba ne, in yana da tsoho a gida ya kawo, daga jikinsa za a fitar da shi, ragowar ƙarfen tawa ce. Ya sake tambaya don ya tabbatar ya ji daidai. Na maimaita da ƙarfi yadda na bayansa ma za su ji.

Kwana biyu bayan nan na taho buɗe shago da safe. Tun daga nesa na ga kamar an yi hatsari a ƙofata. Amalanke ne, tsofaffi, masu tsatsa, wani da kashin kaji a kai, wani tayarsa ɗaya ba iska. Wasu an ɗauro su bayan babur, wasu 'yan gida ne suka turo da hannu tun asuba. Na ƙirga tara. Ko hanyar da zan kai ga kwaɗon ƙofa babu, sai da na taka kan wani na tsallaka. Masu facin da suka ce a nemo mini zare suna tsaye suna kallo. Malam Ado yana gaba da nasa, ya ce shi ne farko, kada in kuskura in fara da wani.

Na gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, na dubi layin, sai na ga abin da babu. Na ce, "Ina shanun?"

Suka kalli juna. Mai jar hular ya ce ai amalanke aka ce a kawo.

Na ce, "Kowane sa da tsayinsa da tozonsa. Ba zan yanka ƙarfen kowa ba sai na auna mai jan sa."

Suka yi ta roƙo, wani ya ce nasa daidai yake da na Malam Ado, wani ya ce zai kwatanta mini da hannu. Na ƙi. A shekarar da masu walda ke zaune suna korar ƙuda, ni Sabi'u na tsaya a ƙofar nan na mayar da mutum takwas gida su zo da shanunsu. Kuma duka takwas ɗin sun dawo.